Ruwa a Kan Bindigar Toivo

Wajen ƙarfe tara na safiyar Asabar ne, ƙarshen watan Oktoba. Hadari ya haɗu tun asuba amma ruwan ya ƙi sauka, sai iska mai sanyi da ke tasowa daga tafki tana kakkaɓe sauran ganyen da ya rage a bishiyoyi. Nolan na zaune a gefen surukinsa Arvid Maki cikin tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ɗora hannuwa a cinya kamar yaron da za a kai gaban hedimasta. A bayan kujera akwai bindigogi biyu cikin jakunkunansu. Ɗaya ta Arvid ce. Ɗayar kuwa ta ƙanensa Toivo ce, wanda ya rasu bara, ita aka ba Nolan aro.

Shekara biyu ke nan da Nolan ya auri Kaisa, autar Arvid, amma har yau bakinsa bai iya kiran sunan tsohon ba, sai dai Yallaɓai. Arvid ba shi da mugunta, magana ce dai ba ta dame shi ba. Yana da wata bukkar katako can cikin daji, inda shi da abokansa ke tarewa duk tsakiyar Nuwamba idan an buɗe farautar barewa. Gado huɗu ne a bukkar, kuma tun rasuwar Toivo ɗaya babu kowa a kai. Wannan gadon Nolan yake so. Ba don nama ba, shi da ko kifi ba ya son fiɗa. So yake a ce ko sau ɗaya ya zauna cikin mazan gidan su Kaisa ba a matsayin baƙo ba.

To, baki shi ke yanka wuya. Wata Lahadi ana cin abinci zancen gadon ya taso, sai Nolan ya tsinci bakinsa yana cewa ai shi ma da bindiga ya tashi, kakansa ya koya masa harbi tun yana ƙarami. Gaskiyar magana kuwa, sau ɗaya tak kakan ya taɓa miƙa masa 'yar bindigar iska ya harbi gwangwani a bayan gida, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, gwangwanin ma bai samu ba. Arvid ya dube shi ya ce to madalla, amma shi ba ya shiga daji da mutum sai ya ga yadda yake riƙe bindiga, don haka su je filin harbi ranar Asabar. Duk satin nan Nolan a kallon bidiyo ya ƙare hutun cin abincinsa a wajen aiki, yana koyon yadda ake jan sakatar bindiga da yadda ake zuba harsashi.

Filin na gwamnati ne, kowa na iya zuwa. Doguwar rumfar kwano ce da tebura goma a jere, can gaba yadi ɗari ga allunan da ake manna takarda, bayansu tudun ƙasa. Kafin ma Nolan ya rufe ƙofar mota aka saki harbi, ƙarar ta daki ƙirjinsa har sai da ya zabura. Ya wayance da gyara hula.

Gordy, abokin Arvid na shekara arba'in, ya riga su zuwa, yana jingine da ginshiƙi da kofin kofi a hannu. Ya ƙare wa Nolan kallo daga sama har ƙasa.

"Ango, kai ne magajin Toivo? Arvid, dubi takalmin nan, ko ƙasa bai taɓa gaisawa da ita ba. Barewa na ganinsa za ta ce mai tallan inshora ne ya ɓata hanya."

Nolan ya yi dariya don ya ga Arvid ya ɗan murmusa.

Mai kula da filin wata dattijuwa ce, Doreen, gajera, da riga mai ruwan lemo da usur rataye a wuya. Ta miƙo masa littafi ya sa hannu, sannan ta tambaye shi ko wannan ne zuwansa na farko wajen harbi, domin duk sabon shiga sai ta zaunar da shi minti goma ta karanta masa doka. Nolan ya buɗe baki. Allah ne kaɗai ya san abin da zai faɗa, don kafin ya yi magana Arvid ya amsa a madadinsa, ya ce yaron tun yana ƙarami yake harbi. Doreen ta ce to shi ke nan ya hutar da ita, ta nuna masa allon dokoki da haɓa ta wuce. Nolan ya kalli allon da wutsiyar ido. Ya so ya tsaya ya karanta, amma wanda ya tashi da bindiga ai ba ya tsayawa karatun allo, sai ya bi bayan surukinsa.

Tebur na goma aka ba shi, na can ƙarshen rumfa. Arvid da kansa ya zaro bindigar Toivo daga jaka, ya shafa katakonta da tsumma a hankali. Ya ce shekara arba'in marigayin yana riƙe da ita, bai taɓa bari ruwa ya kwana a jikinta ba. Ga mutum irin Arvid wannan doguwar magana ce, Nolan kuwa ya riƙe ta.

Ya toshe kunne, ya zauna, ya yi duk abin da ya gani a bidiyo. Da ya ja kunama gindin bindigar ya naushi kafaɗarsa kamar an buga masa taɓarya. Ya cije ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku. Arvid na tsaye a bayansa yana duba allon da madubin hangen nesa, sannan ya koma tebur na kusa ya gwada tasa.

Can Doreen ta busa usur. Filin ya yi tsit. Kowa ya zazzage harsashi, ya buɗe sakata, ya cusa ɗan tsinken roba mai ruwan lemo a cikin bindigarsa alamar babu harsashi, ya ja da baya ya tsaya bayan wani layin rawaya da aka shata a siminti. Nolan ya kwaikwaye su tsaf, har ya ji daɗin kansa. Doreen ta bi tebura ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa, sannan ta ce a je a duba takardu. Arvid ya ce masa ya jira nan, zai ɗebo nasu duka biyun. Mutum bakwai suka shiga filin suna tafiya, bayansu na wajen rumfa.

Sun kai rabin hanya ruwan ya kece. Iska ta karkato da shi ta gefe, ya shigo ƙarƙashin kwano, kan tebur na goma. Nolan na tsaye yana kallon ɗigon ruwa na taruwa a katakon bindigar Toivo, yana gangarawa cikin sakatar da aka bari a buɗe. A tunaninsa layin nan an shata shi ne don kada wani ya yi harbi, shi kuwa ba harbi zai yi ba. Taku biyu ya yi, ya ɗauki bindigar, ya juya da ita zai rufa mata rigarsa. A juyawar nan bakinta ya bi ta bayan mutanen bakwai, ɗaya bayan ɗaya.

"Tebur na goma, ajiye bindigar nan. Yanzu."

Doreen ba ta yi ihu ba, amma muryarta ta kai har tudun ƙasa. Mutanen suka waiwayo. Wani mai furfura ya durƙusa cikin laka ya kare kansa da hannu. Nolan ya ajiye bindigar ya ja baya. Da ya yi shiru a nan da sauƙi, amma kunya ba ta barin mutum ya yi shiru inda ya kamata.

"Ai babu harsashi a ciki," in ji shi.

Ruwa kawai ake ji a kan kwano. Doreen ta tako har gabansa, sai da ta ɗaga kai kafin ta ga idonsa.

"Ni na sani, ni na duba ta. Su da ke can gaba fa? Abin da suka gani kawai, bakin bindiga a bayansu. In mutum ya shiga filin nan, ransa ya bar maka amana a kan tebur. Ko gobara ce ta kama bindigar, ba ka taɓa ta."

Mutanen suka dawo a jiƙe. Mai furfurar nan ya wuce ta gefen Nolan da laka a gwiwa, ya ce masa a hankali jikokinsa uku na jiransa a gida, ya tafi teburinsa. Arvid ne na ƙarshe, da takardu biyu a hannu, yana tafiyarsa ta kullum ba sauri. Doreen ta juya gare shi.

"Arvid, kai ka ce mini tun yana yaro yake harbi. Maganarka na ɗauka."

"Ni na faɗa," in ji Arvid.

Shekara talatin tsohon nan yana zuwa filin, ba a taɓa tsayar da shi a gaban mutane ba sai yau. Nolan ya ga kunnuwan Arvid sun yi ja. Ji ya yi da ma ƙasa ta tsage ya shige. Da shi kaɗai aka yi wa faɗan da ya iya ɗauka.

Doreen ta ce harbinsa ya ƙare na yau, ya koma bencin baya ya zauna. Ya je ya zauna. Bencin na fuskantar allon dokoki, yanzu kuwa yana da lokacin karatu. Layi na biyu ne, da manyan baƙaƙe: idan akwai mutum a cikin fili, kada a taɓa bindiga ko wani abu a kan tebur. Ya karanta ya fi sau goma.

Aka sake busa usur, harbi ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Babu mai kallonsa, kuma ya gane da gangan ne ba sa kallonsa. Gordy ya zo wucewa zai zubar da sauran kofinsa, ya ɗan tsaya kamar zai yi tsokanar da ya saba, sai ya sosa ƙeya ya ce sanyin bana ya zo da wuri, ya wuce. Nolan ya gwammace a ce ya yi masa dariyar takalmi.

Kusan awa guda Arvid ya yi yana daidaita saitin tasa bindigar. Da ya gama ya goge ta Toivo lungu-lungu, ya mayar da ita jaka, ya yi wa Doreen sallama. Nolan ya miƙe zai karɓi jaka ɗaya, sai ya tuna abin da ya yi ɗazu, ya mayar da hannunsa aljihu.

A cikin mota Arvid bai tayar da inji nan da nan ba. Ya zaro takardar Nolan daga aljihu ya ajiye a tsakaninsu. Rami ɗaya ne a jikinta, can a gefe, sauran biyun ko takardar ba su taɓa ba.

"Yallaɓai, ƙarya na yi," in ji Nolan. "Ban taɓa harba bindigar gaske ba sai yau."

"Na sani tun harbin farko. Rufe ido kake yi."

Nolan ya fara bayanin ruwan, da maganar da aka gaya masa a kan Toivo, da yadda ya ga katakon na jiƙewa. Arvid ya bar shi har ya kai aya.

"Katako yana bushewa," in ji shi.

Daga nan tsohon ya yi magana yana kallon gilashin gaba. Ya ce rashin iya harbi ba abin kunya ba ne, Gordy shekara shida ke nan bai kayar da komai ba sai kwanon wake, kuma gadonsa na nan. Da Nolan ya ce bai sani ba, da Doreen ta zaunar da shi minti goma, shi ke nan. Ya ce shi ma da nasa laifin, tunda ya ga yana rufe ido kuma ya tafi ya bar shi tsaye kusa da bindiga. Amma a daji babu Doreen, babu layin rawaya, maganar mutum kawai ake dogara da ita in ya ce ga inda yake tsaye, ga inda bakin bindigarsa yake kallo.

"Bana ba za ka je ba. Gadon zai zauna haka."

"To, Yallaɓai."

Nolan ya so ya tambaya ko baɗi fa, amma ya ga ba shi da bakin tambayar. Arvid ya ƙara da cewa shi ba zai ce wa Kaisa komai ba, mijinta ne zai gaya mata, kuma ya gaya mata duka. Sannan ya murɗa makulli.

Suka hau titin tsakuwa, ruwa na ta zuba. Rigar Nolan ta jiƙe ta gefe guda tun daga kafaɗa, sanyi ya shige shi har haƙoransa na haɗuwa, yana ta ƙoƙarin danne su kada a ji. Ya juya fuska wajen taga yana kallon bishiyoyi na wucewa. Da suka kai mararraba Arvid ya tsaya ya duba hagu da dama, ya miƙa hannu ya ƙara hita, ya karkatar da bakin iskar wajen Nolan. Ɗumin ya bugi hannuwansa. Arvid ya karya kan mota suka hau kwalta.