Agogon da Baba Ya Zana

Baba ya riƙe biron kamar yadda yake riƙe fensirin awo, ya sunkuya a kan takarda. Likitar ta ce ya zana mata agogo, ya nuna ƙarfe sha ɗaya da minti goma.

Auta, ɗansa, na gefe ya harɗe hannuwa. Shi fa ba don yana zaton ciwo ya kawo tsohon asibiti ba. So yake likita ta faɗa da bakinta cewa ƙalau yake, gardama ta ƙare a gida. Ai ya san ciwon mantuwa: shekara huɗu suka yi jinyar Goggo, mai tambayar abu ɗaya sau goma kafin shayi ya huce. Baba kuwa ɗazu aka ba shi kalmomi biyar, ya dawo da su tsaf. Mutumin da ke tuna duk wanda ya taɓa yi wa gadon kwana cikin shekara arba'in, shi ne zai yanka ƙafafun tebur huɗu, babu biyu da suka zo daidai? Tun da Auta ya karɓi shagon kafintan ake wannan ɓarna. Makon jiya haƙurinsa ya ƙare, a gaban mai teburin ya ce, "Baba, in baƙin ciki kake da ni ka faɗa. Ka koma gida ka zauna, ka daina lalata min katako."

Baba ya ja da'ira mai kyau, hannun na ɗan rawa. Sai lambobi. Ɗaya, biyu, uku, duk suka cunkushe a ɓari guda, ɗaya ɓarin fayau. Ya tsaya, ya goge zufa. Ya rasa inda zai sa hannun agogon.

Auta ya sauke hannuwansa.

"Amma likita, ba ya mantuwa fa," ya ce. "Goggonmu..."

"Cututtukan nan ba hanya ɗaya suke zuwa ba," in ji ta. "Irin na Goggonku da mantuwa yake farawa. Wani da canjin hali, wani da sarƙewar magana. Mai tafiya da rawar hannu, kamar yadda nake zaton na Baba, yakan fara taɓa tsara aiki da kimanta tazara. Da sauƙi tukuna, za mu ƙara bincike. Baba, tun yaushe awo ke ba ku wahala?"

"Ya kai shekara."

"Shekara?" in ji Auta. "Ka yi shiru?"

"Gara a ce tsoho ya yi taurin kai, da a ce kafinta ya kasa awo."

Kunya ta lulluɓe Auta, ya rasa inda zai sa idonsa. Takardar maganin ma kansa a ƙasa ya karɓa.

A tashar bas suka zauna kan benci. Motoci biyu suka wuce, ba wanda ya motsa. Auta ya yi ta juya magana a baki, da ƙyar ta fito.

"Baba, abin da na faɗa ranar nan... don Allah ka manta da shi."

Tsohon ya dubi hannunsa da ke rawa a kan gwiwa, ya danne shi da ɗayan.

"Na so in manta, Auta. Ai ka ji likita. Nawa ba irin mai mantuwa ba ne."