Katanga Biyu a Ɗakin Ɗinki

"Ni fa na gaji, Mama," in ji babbar 'yarta. "Duk zuwan da zan yi, sai na tarar an kashe wa kwamfutar nan kariya."

Mama ba ta ɗago daga kan keken ɗinki ba. Ita ta kashe, don gargaɗin yana tare mata hotunan samfuri. "Ai mai gyara ya ce rauta, akwatin intanet ɗin nan, ma katanga ce. Katanga biyu, gidan yari muke?"

"Katanga na waje take hanawa. Wa ba ki ba lambar wayifai ba? Mai shago, mai wanki, masu kawo ɗinki. Waya ɗaya mai cuta ta isa, kuma hotunan Baba nan kaɗai suke."

Keken ya tsaya. Mama ta dubi hoton marigayi mijinta a fuskar kwamfutar. Tun da take ba ta taɓa hana maƙwabci ruwa ko wuta ba. Da wane baki za ta fara yau?

"Allah ne mai tsarewa," ta ce a gajiye.

Mai shago ya yi sallama, waya a hannu. 'Yar ta rage murya.

"Don Allah, Mama, ki bar ni in kunna, in canza lambar."