Buhu Biyu a Bayan Rumbu

Namadi ya ciro takardar ƙara daga cikin hularsa, ya warware ta, ya ajiye a kan teburin Sufeto Nababa. Tun da hantsi ya baro ƙauyensu kusa da Abare a kan mashin, ya yi awa biyu a benci kafin a kira shi.

Abin ya faru ne jiya da safe. Tun da gubar dalma ta kashe yara a yankin aka hana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, 'yan sanda kuma suna zagayawa. Saje Sahabi ya isa ƙofar gidan lokacin Namadi yana gona. Bai yi sallama ba, bai nemi mai unguwa ba. Ya ratsa zaure ya faɗa tsakar gida, inda Hawwa'u, matar Namadi, take wankan jego, kwana goma sha biyu da haihuwa.

Sufeto ya karanta, ya sa aka kira Saje. Ya shigo ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, rahoto muka samu," in ji Saje. "Da na tsaya jiran mai unguwa, da an haura da kayan ta katanga. Kuma ai na samu. Buhu biyu na dutsen zinariya a bayan rumbu."

"Haka ne, Malam Namadi?"

"Haka na, yallaɓai. Ƙanena Makau yaɓ ɓoye su, ban sani ba. Nan ɗiyata Zinatu ka wasa kullum, tana cin ƙasa."

"To, ka gani."

"Saje yac ce a kai ta a auna jininta. Munka kai ta. Likita ya ce dalma ta hau, amma an tare da wuri. An ba ta magani."

Sufeto ya tura takardar da ɗan yatsa zuwa bakin tebur. "Mutum ya ceci ɗiyarka, kai kuma ka kawo ƙararsa? Ɗauki abinka ka tafi, kada mutane su yi maka dariya."

Namadi bai taɓa ta ba. Ya juya wajen Saje, ya miƙa masa hannu biyu.

"Allah shi saka maka da alheri, Saje. Allah shi raya maka naka. Inna mahaifiyata ma ta ce in gaishe ka."

Saje ya karɓi hannun, ya ce amin.

"Amma matata ko zane ba ta kai ga ɗauka ba. Tun jiya ba ta hito ɗaki ba. Da ka yi sallama sau guda, da Inna ta hito ta kai ka bayan rumbun da kanta."

Saje ya dubi ƙasa. "To, yanzu godiya ka zo yi ko ƙara?"

"Duka biyu. Godiyag ga taka ta. Takardag ga kuwa ta gidan da za ka shiga gobe ta."

Sufeto ya jawo takardar, ya buga mata hatimi, ya rubuta kwanan wata, ya ce su dawo ranar Litinin tare da mai unguwa.

A waje Namadi yana ta fama da mashin, ya ƙi tashi. Saje ya fito, ya tsaya kallo, sannan ya kama bayan mashin ya tura shi har bakin titi.