Gauɗen Inna Mairama

Gauɗe ɗaya ya rage a gonakin gabas da Hunkuyi, na bakin gonar Inna Mairama. Da saiwarsa take haɗa wa mata jiƙon shawara, kuma tana da ƙa'ida: gefe guda ake tonawa, a yanki kaɗan, a mayar da ƙasa.

Ɗanta Saminu kuwa, sarkin gaggawa, da ta aike shi da rani sai ya tone itacen ta ko'ina, ya ciko buhu yana jiran a sa masa albarka. Gauɗe ya zubar da ganye, ya tsaya ƙayau. Inna ta yi kuka, ba ta ɓoye ba.

Da ruwa ya sauka Saminu ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ya mutu. Gobe shanun huɗa za su zo, zan tuge shi."

Ta kasa cin tuwo. Da rana ta yi ja ta saɓi gyale ta nufi gona, wai ta yi masa ganin ƙarshe. Tun daga nesa ƙamshi ya tare ta. Ta tsaya cak, ta shaƙa, sai tsohuwa ta zuba da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Ta iske reshe guda ya yi sabon ganye, fararen furanni sun fara buɗewa. Manyan malam-buɗe-littafin dare suna shawagi a kai, suna zura dogon baki cikin fure. Wata tsuntsuwa ma har ta yi sheƙa a tsakanin rassan.

A ƙofar masallaci ta cafke Saminu ana idar da magariba, ta ja shi har gona.

"Shaƙa! Na ce shaƙa! Matacce yana ƙamshi?"

"Ikon Allah! To ni da hantsi nake zuwa, Inna, ban ga komai ba."

"Da hantsi ai furannin sun yi rawaya sun lanƙwashe. Kai da ba ka kallon komai sai kunyoyin gona!"

Da safe mai shanu ya iso, ya nuna gauɗen da bulala, ya ce a cire masa wannan, huɗarsa ba ta karkacewa.

Saminu ya sha gaban shanun.

"Yau za ta karkace," in ji shi. "Zagaye shi. Ka bar masa kunya uku."