Sarewar Baba a Lamba Arba'in

Yatsu mai kaɗa fiyano bai taɓa sakin jiki da mijin ƙanwarsa ba. Mutumin ya cika fara'a, shi kuwa Yatsu a wurinsa duk mai yawan fara'a da abin da yake ƙullawa. Ƙanwar ce ta matsa har suka haɗa sutudiyo, fiyano na Yatsu, kwamfuta ta suruki.

Fiyanon tsoho ne, gilashinsa ya tsage, ba ya nuna sunan sauti sai lamba. Kowane sauti da ɗakinsa a ciki, a ɗaki na arba'in kuma Yatsu ya ajiye sarewar mahaifinsu. Shi ya naɗi busar da hannunsa kafin tsohon ya rasu, har jan numfashinsa ana ji. Ba ta ko'ina a duniya sai nan.

Ran nan da hantsi ya tarar suruki ya sa sabuwar manhaja a kwamfuta, ko shawara babu. Ita manhaja ba ruwanta da sarewa ko jita. Lamba take turawa ta wayar da ta haɗa kwamfuta da fiyano, fiyano ya buɗe ɗakin. Yatsu ya rubuta arba'in, ya danna.

Ganga ta amsa. Gangar suruki, wadda ya ishi kowa da yabonta.

Ya sake dannawa. Ganga. Zuciya ta ɗebe shi. Ashe shi ya sa jiya mutumin yake tambaya ko akwai sauran wuri a fiyano! Ashe shi ya sa aka canza manhaja a ɓoye! Wato an share Baba an zuba ganga. To, wallahi gangar ma ba za ta kwana a ɗakin Baba ba. Ya juya kan fiyanon, ya kamo arba'in da yatsansa, ya danna gogewa. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya tabbatar mata.

Sai ga suruki da kofin shayi biyu.

"Yaya, lafiya? Na ga ranka a ɓace."

"Kai za a tambaya. Ina sarewar Baba?"

"Tana inda take mana."

"Na kira arba'in, gangarka ta fito."

Suruki ya ajiye shayin yana dariya. "Kash, ban gaya maka ba. Wannan manhajar daga sifiri take fara ƙirga, fiyanonka kuma daga ɗaya. In ka ce mata arba'in, ɗakin arba'in da ɗaya take ƙwanƙwasawa, can na sa gangata. Talatin da tara za ka rubuta. Ni in taɓa Baba? Haba Yaya."

Ya miƙa hannu ya gyara lambar, ya danna. Shiru. Ya koma kan fiyanon kansa, ya kamo arba'in, ya danna da ƙarfi. Shiru.

Yatsu ya nemi kujera ya zauna.

"Kada ka damu, Yaya, wayar ce ta saki," in ji suruki. Ya durƙusa ya shige ƙarƙashin tebur, yana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana hurawa yana mayarwa. "Danna mu ji. Yanzu za ta fito."

Yatsu ya kasa ɗaga hannu, ya kuma kasa ce masa ya taso.