Hutun Sajo a Kan Tabarma

Jirgin safe daga Gombe zuwa Abuja bai tashi ba ranar Alhamis sai bayan azahar. Kamfanin ya shaida wa fasinjoji cewa an samu matsalar ma'aikata. Ma'aikacin shi ne mataimakin matuƙi Sajo Hammawa, wanda ya buga waya daga unguwar Dogo Nini a Potiskum ranar Laraba da la'asar ya ce ba zai yi tuƙi ba, ya gaji.

A lissafin kamfani, Sajo ya huta. Doka ta hana a ɗora wa matuƙi aiki bai samu hutu ba, kuma an ba shi Talata da Laraba. Amma ranar Talatar ce Goggo Hansatu ta rasu, ƙanwar mahaifinsa da ta riƙe shi tun daga yaye. Hutun rasuwa a kamfanin na uwa ne da uba da mata da 'ya'ya. Goggo ba ta ciki. Sajo ya shiga mota ya iso Potiskum ana shirin jana'iza.

Da yake marigayiyar ba ta bar ɗa namiji ba, shi aka zaunar a tsakiyar tabarma. Fatake daga kasuwar shanu, dangi daga Fika, makiyaya daga ruga, kowace tawaga sai ta yi masa gaisuwa da kanta, kuma ba a tashi a bar baƙo zaune. Barcin da ya samu bai taka kara ya karya ba.

Ranar Laraba wani liman daga Danchuwa ya ja addu'a. Aka shafa, aka sauke hannu. Sajo bai sauke nasa ba. Mu'az, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, ya zungure shi.

"Direban sama, an sauka. Fasinjoji sun watse."

Aka ɗan yi dariya. Sajo bai yi ba. Ya tambayi Mu'az tun yaushe idonsa ke rufe. Mu'az ya ce tun kafin a kai tsakiyar addu'ar.

Ya zaga bayan gida ya kira Basira, jami'ar da ke tsara aikin matuƙa.

"Sajo, ba ni da kowa a Gombe," in ji ta. "Kuma ka san sunanka na gaban kwamitin ƙarin girma. Wata mai zuwa za ka iya zama kyaftin."

"Na sani. Dokar da ta ba ni hutu ita ce ta ce in na gaji in faɗa. Na yi barci hannuna a sama, Hajiya, ban san na yi ba."

"Gobe ce addu'ar uku, ko? Za su ce don ita ka ƙi zuwa."

"Su ce."

Da ya koma ya faɗa, Baffa Jalo, ƙanin mahaifinsa kuma dillalin shanu, ya dube shi.

"Wace irin gajiya kuma, ɗana? Tun jiya a zaune kake. Ba kiwo ka je ba, ba lodi ka yi ba." Sai ya gyara zama. "To, madalla. Tunda ba ka tafiya, gobe kai za ka karɓi jama'a."

"A'a, Baffa. Na ce musu barci nake buƙata. In na kwana a tabarmar nan, na yi musu ƙarya."

"Matar da ta goya ka?"

"Ita ce, Baffa. A yi mini afuwa."

Baffa Jalo ya juya ya ci gaba da magana da liman.

Sajo ya tafi gidan yayarsa Rauda, ya ba ta wayarsa, ta rufe masa ɗaki ta kori yara waje. Washegari aka yi addu'ar uku Mu'az na zaune a wurinsa. Wasu sun tambaya, aka ce yana barci. Daga Legas kamfanin ya turo matuƙin da ya ɗauki jirgin.

Ranar Juma'a Sajo ya tsaya a maƙabarta shi kaɗai, sannan ya wuce Gombe ya yi tuƙin yamma. Baffa Jalo bai ƙara ɗaga wayar Sajo ba tun daga ranar. Kwamitin ya nemi bayani a kan yadda ya yi amfani da hutunsa, kuma har yanzu bai sa ranar zama ba.