Wuyan Kwalbar Ya'u

Mai gadin gidan rediyon ya ce ba a shiga sai wanda aka ba lokaci. Huraira ta ce to ya je ya gaya musu ita ta ba kanta. Ta janyo bencinsa ta gindaya shi a ƙaramar ƙofa, ta zauna, ta miƙe ƙafafu, yadda duk mai shiga ko fita sai ya tsallake ta. Tun daga Gyaɗi-Gyaɗi ta tako a ƙasa zuwa Tarauni, domin ta san idan ta hau adaidaita iska za ta rage mata fushin kafin ta iso, ita kuwa tana bukatarsa cikakke.

Kwana talatin da shida ke nan da rasuwar ƙaninta, wanda 'yan gari ke kira Ya'u Mai Jita. Jumma'a mai zuwa za a yi sadakar arba'in. Jiya da hantsi tana zaurenta tana markaɗe, mata sun jera bokitan wake da na tattasai har waje, bel ya zame, ta kashe inji don ta mayar da shi. Cikin shirun da ya biyo baya ta ji muryar Ya'u raɗau daga wayar Binta mai awara. Yana cewa shekara ashirin da biyu ya yi yana shan kodin, ya daina sau huɗu, kowane karo da rantsuwa a gaban mutane, ya kuma koma sau huɗu ba tare da ya gayyaci kowa ba. Har da 'yar dariyarsa. Binta ta yi wuf ta kashe wayar, sauran matan kowacce ta sunkuya tana duba bokitinta kamar yau ta fara ganin wake.

Shekara da shekaru Huraira tana gaya wa unguwa cewa iska ce ke taɓa shi. Da ya kwanta a asibiti ta ce ciwon ƙoda ne, kuma ba ƙarya ta yi ba, rabin gaskiya ne dai. Yanzu ga wasu marasa kunya sun tono gawa sun sa ta magana a cikin waya.

Akwai wani abu kuma a ƙulle a haɓar zanenta. Da mai gidan da Ya'u ke haya a Unguwa Uku ya kawo mata kayansa cikin buhun bakko, ta tarar da wuyan kwalba mai ruwan ƙasa an naɗe shi a hankici, kamar wani abin arziki. Ta san irin kwalbar. Ba ta yarda ta jefa shi a bolar layinsu ba, kada masu tone-tone su gani. Ta yi niyyar idan ta gama da mutanen rediyo ta wurga shi a babbar kwatar da ke bakin titi.

Bayan kamar rabin awa wata matashiya mai tabarau ta fito, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ce ita ce Safiyya, ita ta gabatar da shirin.

"Ke ce?" in ji Huraira. Ta kalle ta daga ɗankwali zuwa takalmi. "Uwarki na da rai?"

"Tana nan, Inna."

"To ki gode wa Allah ba ita aka sa a waya ba."

Safiyya ta yi mata gaisuwar rashi, ta roƙe ta su shiga ciki. Ɗakin da ta kai ta sanyi ne kamar cikin randa, bangon duk an manne shi da soso. Huraira ta ƙi kujera mai juyawa, ta zauna a ta roba, ta zayyano bukatunta da yatsa. Kafin Jumma'a su sanar sau uku cewa marigayi ciwon ƙoda ne ajalinsa. Su ce maganar kodin kuskure ce. Su goge muryar, ta ga an goge da idonta. In ba haka ba ta san hanyar gidan mai unguwa, ta san ta kotu, kuma ko da ba ta iya karatu ba ta iya zama a ƙofar mutum har ya gaji.

Safiyya ta bar ta ta kai aya, sannan ta ce ba wanda ya yaudari Malam Ya'u. Wata biyar kafin rasuwarsa shi ya kawo kansa, da jitarsa a baya, ya ce yana so ya yi magana tun harshensa na biyayya. Ta ce a shekara tara da take wannan aiki ba ta taɓa zama da mutum mai kaifin kai irinsa ba. Kafin a fara ɗauka ya ce mata akwai ƙugi a lasifikarta wanda injiniyoyinsu suka yi wata biyu suna nema, ya karɓi mukullin motarta ya kwance bayan akwatin, ya ɗaure wata waya, ƙugin ya ɗauke. Ta ce irin kiɗan da yake yi, wanda ake kira buluz, daga kaset kawai ya koya, amma ya mayar da shi namu har ba ka cewa baƙo ne.

"Ni na goye shi," Huraira ta katse ta. "Ba sai kin gaya min yana da kai ba. Da daƙiƙi ne ai da na huta."

Safiyya ta murza zoben hannunta. Sai ta ce goge murya ba ta da ikon yi, amma akwai wani yanki na hirar da ba su sa ba, kuma dama tun bayan rasuwar take tunanin yadda za ta same ta a kansa. Ta roƙi Inna ta saurara, in ta ji sai ta yanke hukunci.

Huraira ta ce a kunna, ai ba abin da ya rage a ɓoye.

Kiɗan ne ya fara zuwa. Ba ta taɓa zama ta saurari jitar Ya'u ba. A wajenta jitar da kwalbar tagwaye ne, kuma tun da daɗewa ta hana a shigo mata da ko ɗaya. Ta yi zaton za ta ji hayaniyar gidan rawa. Sai ta ji wani sauti siriri yana tashi yana zamewa, kamar mace da ke kuka a banɗaki ba ta so 'ya'yanta su ji. A ƙarƙashinsa akwai wani bugu mai ɗingishi, uku a jere sai na huɗu ya makara. Ta san bugun. Haka bel ɗin injinta ke yi tun ranar da aka ɗinke shi.

Kiɗan ya tsaya, Ya'u ya yi gyaran murya.

"Shekara goma sha takwas da suka wuce aka kai ni gidan mari, can bayan gari. Wata bakwai na yi. Ƙafa a mari, hannun hagu a ankwa jikin turke. Ankwar ta yi min kaɗan. Yayata ce ta kai ni, wadda ta raine ni bayan mahaifiyarmu ta rasu. Duk Jumma'a sai ta zo min da tuwon shinkafa a kula. Wata Jumma'ar na nuna mata hannun, ya kumbura ya yi baƙi. Ta duba. Ta ce malam ya san abin da yake yi, in ci tuwona."

Miyar taushe ce ranar. Huraira ta tuna har da cokalin da ta manta, ta tuna ƙudajen da ke bin wuyan hannun, da warin da ta ce wa kanta na kwata ne. A motar dawowa ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka har Unguwa Uku. Amma ta riga ta gaya wa dangi cewa ta samo inda za a gyara shi, kuma kowa ya yaba mata. Jumma'ar da ta biyo baya ta zauna ta gefen damansa.

A cikin akwatin Ya'u na ci gaba, muryarsa ba ɗaci, kamar mai ba da labarin wani maƙwabci. Ya ce da ya fito yatsu biyu sun mutu, ƙaramin da na kusa da shi, ba sa danne tsirkiya. Ya yi shekara bai taɓa jita ba, ya koma gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya kuma koma wa kwalba. Wata rana yana zaune da wadda ya shanye a hannu, sai ya tuna wani sauti da yake ji a kaset, wanda ya daɗe yana cewa wannan ba yatsa ba ne, gilashi ne. Ya ɗaura wa wuyan kwalbar zare mai kananzir, ya kunna, ya tsoma ta a ruwa, wuyan ya cire. Kwana uku yana goga bakin a siminti har ya yi sumul. Ya zura shi a mataccen yatsan, ya ja shi a kan tsirkiya.

"Mataccen yatsa bai iya dannawa ba, amma ya iya ɗaukar kaya," in ji shi. "Duk kiɗan da mutane suka san ni da shi daga nan ya fito. Ranar da na gama gogewa na tafi da shi Gyaɗi-Gyaɗi in nuna mata, in ce mata hannun bai tafi a banza ba, ta daina kawar da kai in na miƙa shi. Tana ganin kwalba a hannuna ta ɗauko muciya. Ban samu na buɗe baki ba."

Wannan ma ta tuna. Ya shigo zauren yana murmushi, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan. Ta bi shi har bakin layi tana cewa ba a gidanta ba. Daga ranar bai sake wuce zaure ba, ko da Sallah a tsaye yake gaishe ta, hannun hagu a aljihu.

Muryar Safiyya ta cikin akwatin ta tambaye shi ko yana jin haushin yayar tasa.

"Wasu ranakun. Ba zan yi miki ƙarya ba. Idan sanyi ya shiga hannun ina jin haushinta sosai. Amma ba ita ta ba ni kwalbar farko ba, kuma ba marin ne ya mayar da ni ba. So nake. Wannan ne abin da mutane ba sa son a faɗa. Da ni aka bar wa ƙani irina, ni ma ban san inda zan kai shi ba." Ya yi tari mai tsawo. "Wannan yankin ki ajiye shi. Kada ki sa sai ta ce a sa. Ba kuwa za ta ce ba, na san Yaya. Ta gwammace a ce aljanu ne."

Ya yi dariya, akwatin ya yi shiru.

Safiyya ba ta ɗago ba. Ta ce a hankali, idan Inna na so, za ta iya sanarwa cewa ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa, domin wannan gaskiya ne, kuma za ta roƙi shugabanta a janye maimaicin shirin. Iyakar abin da za ta iya ke nan.

Huraira ta sunkuya tana kwance haɓar zanenta, ƙullin ya ƙi, ta sa haƙori. Ta warware hankicin a kan tebur. Safiyya na ganin abin da ke ciki ta dafe baki. Huraira ta ɗauke shi ta juya shi a hasken fitila, yanzu ne ta lura da bakin. Ta shafa shi da ɗan yatsa, ba kaifi ko kaɗan, santsi kamar bakin tsohon ludayi. Ta gefe ɗaya gilashin ya yi fari-fari saboda guga. Ta zura ƙaramin yatsanta a ciki, ya yi mata yawa.

Ta tambayi yaushe ne maimaicin. Safiyya ta ce ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Huraira ta gyaɗa kai. Lokacin ne layin markaɗe ya fi tsawo, ga shi jajiberin sadaka, duk matan layin za su kasance a zaurenta da waken ƙosai.

"Ya ce ba zan ce ba," in ji ta.

"Haka ya ce, Inna."

"Tun yana yaro haka yake, shi ya san komai." Ta ja hanci da ƙarfi, ta goge da bakin mayafi. "Sa shi. Duka, har da tuwon."

Safiyya ta ce ta je gida ta yi tunani tukuna, in ya shiga iska ba ya dawowa, kuma mutane ba su da daɗin baki.

Huraira ta ce ta fi ta sanin bakin mutane, shekara ashirin da biyar tana markaɗa musu. Sannan ta ɗaga yatsa, wuyan kwalbar na lilo a jikinsa.

"Kuma yayyensa mata biyu ne. Akwai Hauwa a Babban Giji, ita ba ta taɓa taka gidan marin nan ba. Ki faɗi suna, ki ce Huraira mai markaɗe ta Gyaɗi-Gyaɗi. Kada a ɗora wa baiwar Allah."

Ta naɗe abin a hankicinsa yadda ta same shi, amma ba ta mayar da shi haɓar zane ba, sai ta cusa shi cikin rigarta. Ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba, ta tambaya ko shirin zai kai minti nawa. Safiyya ta ce da wannan yankin zai kai arba'in.

"To," in ji Huraira. "Sai in kashe inji."

A waje mai gadin ya mayar da bencinsa inda yake, yana ganinta ya gyara tsayuwa. Ta wuce shi, ta wuce babbar kwatar da ke bakin titi, ta tsayar da adaidaita.